Darasi na 12: Yin Kwafin Ajiya na Rumbun Tarayya a Ofis

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. bayyana mene ne rumbun tarayya da hanyoyin da bayanan cikinsa ke salwanta;
2. rarrabe kwafin ajiya na gaskiya da abubuwan da suka yi kama da shi;
3. tsara jadawalin kwafi da ƙaramin ofis zai iya bi;
4. gwada dawo da fayil daga kwafi da hannunsa.

1. Mene ne rumbun tarayya?

Duk wanda ya yi aiki a ofis mai kwamfuta fiye da ɗaya ya san wahalar yawo da filash. Sakatariya ta buga takarda ta zuba a filash, masinja ya kai wa akanta, akanta ya gyara ya mayar, oga ya ƙara nasa. Kafin mako ya fita takarda ɗaya ta zama biyar, kuma ba mai iya rantsewa ya ce ga ta ƙarshe. Maganin wannan shi ne a haɗa kwamfutocin ofis da waya ko da Wi-Fi, a ware wuri guda inda kowa zai riƙa ajiye aikinsa yana ɗauka. Wannan wuri shi muke kira rumbun tarayya.

Rumbun kan zo ta fuska uku. Wani lokaci folda ce kawai a kwamfutar wani ma'aikaci, aka buɗe wa sauran ƙofa. Wani lokaci kwamfuta ce ta musamman da ake kira saba, wadda ba ta da aiki sai hidimar sauran. Akwai kuma ɗan akwati mai faifan ajiya biyu ko huɗu a ciki, ba shi da allo, ana jona shi da waya. Sunansa NAS, kuma kamfanoni irin su Synology da QNAP ke ƙera shi. Ko wanne ne daga ciki, a kwamfuta mai Windows rumbun yakan fito da harafi, misali Z:, a ƙarƙashin faifan kwamfutar na asali, wato C:.

Tun da Jalingo ta zama hedikwatar Jihar Taraba ranar 27 ga Agusta, 1991, aikin takarda yake ƙaruwa a garin: ma'aikatun gwamnati, Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, bankuna, makarantun kuɗi, ofisoshin lauyoyi da shagunan buga takardu. Abin da a da ake jibgewa a kabad, kamar takardun albashi, sakamakon jarrabawa, katin marasa lafiya da lissafin bashi, yanzu mafi yawansa a kwamfuta yake kwana.

Ga abin da ya kamata ku riƙe tun daga farko: ko mutum ashirin ke ganin fayil a allonsu, fayil ɗin guda ɗaya ne, a kan faifai ɗaya, a ɗaki ɗaya. Mutane da yawa kan ce, "Ai na sa a saba," su kwanta da kwanciyar hankali. Saba ɗin ita ma na'ura ce, tana tsufa, tana ƙonewa, ana sace ta.

Manyan ƙasashe ma sun faɗa wannan rami. Ranar 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi daga batura a cibiyar kwamfutocin gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon. Cikin abin da ya ƙone har da G-Drive, rumbun tarayyar da ma'aikatan gwamnati ke zuba aikinsu, mai ɗauke da kimanin terabait 858. Ba a yi masa kwafi a wani wuri ba, wai ya cika girma. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

2. Hanyoyi huɗu da bayanai ke salwanta

*Kuskuren hannu.* Wannan yana yawan faruwa. Wani ya goge folda yana zaton ta tsufa. Wata ta buɗe lissafin watan jiya, ta cika shi da na wannan wata, ta danna ajiye, na jiya ya tafi ke nan. Wani kuma hannunsa ya zame a kan linzami, ya ja folda ta faɗa cikin wata, a wayi gari ana cigiya. Ku lura da abu guda: idan kun goge fayil daga faifan kwamfutarku, yakan je kwandon shara na Windows ya jira, amma idan daga rumbun tarayya kuka goge shi, ba ya biyawa ta kwandonku. Sai dai in mai kula da rumbun ya kunna masa nasa kwandon daban.

*Manhajar garkuwa da bayanai.* Muguwar manhaja ce da kan shigo ta saƙon imel, ko filash, ko manhajar sata da aka sauko da ita kyauta. Da ta shiga sai ta kulle fayiloli, ta bar saƙo cewa a biya kuɗin fansa. Ba ta tsayawa kan kwamfutar da ta kama. Duk wurin da mai kwamfutar ke da izinin rubutu, nan ma za ta bi ta kulle, har da Z:. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata irinta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Ta bi ne ta wata ɓaraka a SMB, tsarin da kwamfutoci masu Windows ke bi wajen raba fayiloli a tsakaninsu. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba su suka ji a jikinsu.

*Wuta, zafi da ƙura.* Faifan ajiya ba ya son a ɗauke masa wuta yana tsakiyar rubutu, kuma ba ya son a dawo da ita da ƙarfi. A watan Afrilu na 2024, da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, Jalingo da Yola da Gombe sun daɗe cikin duhu, ofisoshi suka koma kan janareta da sola. Kowane kunnawa da kashewa na janareta gwaji ne ga na'ura. Ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga tsawar damina da kan bi waya ta ƙone duk abin da ke jone.

*Gobara, ambaliya da sata.* Waɗannan ba sa zaɓe, ɗakin suke ɗauka gaba ɗaya. Mutanen Jalingo ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2005 ba, wadda ta karya gadar Nukkai, ta ci rayuka da dukiya. Ofishin da ke kusa da kogin Lamurde ko Mayo Gwoi ya san inda ruwa kan kai. Ɓarawo kuwa in ya ɓalle ƙofa, da saba da faifan da ke kanta tare zai naɗe.

3. Abubuwan da suka yi kama da kwafin ajiya

Mu ɗauki misalin wata makarantar kuɗi a Jalingo mai kwamfuta shida da NAS ɗaya. Shugabar makarantar ta kira malamin kwamfuta.

"Malam, sakamakon yaran nan fa, in wani abu ya faru, muna da kwafi?"

"Ƙwarai, ranki ya daɗe. Akwatin nan faifai biyu ne a cikinsa, duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take yana shiga ɗayan."

"To in Malama ta goge foldar aji uku bisa kuskure fa?"

Malam ya ɗan yi shiru. "Gaskiya, Hajiya, za ta goge ne a duka biyun."

"Ashe ba mu da komai ke nan."

Tambayar Hajiya ita ce ma'aunin da za ku riƙa aunawa da shi: idan aka goge a can, shin yana nan a nan? Ga abubuwa huɗu da kan faɗi wannan jarrabawa, ko su ci rabinta kawai.

Faifai biyu masu kwaikwayon juna. Wannan tsari ana kiransa RAID 1. Amfaninsa ɗaya ne: in faifai guda ya mutu, ɗayan ya ci gaba da aiki har a sauya. Ba ya hana gogewa, ba ya hana garkuwa, ba ya hana gobara.

Folda mai daidaita kanta da intanet. Google Drive da OneDrive da Dropbox suna daidaita abin da ke kwamfuta da abin da ke wurinsu. In kun goge a nan, can ma zai bi. Suna da kwandon shara da tsofaffin kwafi na wani ɗan lokaci, a Google Drive kwana 30 ne fayil ke yi a kwando, amma kuskuren da ba a gano ba sai bayan dogon hutu, lokacinsa ya wuce.

Kwafi a wata folda ta faifai ɗaya. Foldar da aka raɗa wa suna "Kwafi" a cikin Z: za ta mutu ranar da Z: ya mutu.

Tsofaffin siffofin fayil. Sabar Windows na iya ɗaukar hoton yadda fayiloli suke lokaci zuwa lokaci. In an kunna wannan, sai ku danna fayil da maɓallin dama na linzami, ku shiga Properties, ku duba Previous Versions, ku dawo da na jiya. Abu ne mai kyau, ku nemi a kunna muku, domin yana gyara kuskuren hannu cikin minti biyu. Sai dai a kan sabar nan yake zaune, kuma manhajojin garkuwa da yawa shi suke fara sharewa.

4. Ƙa'idar 3-2-1

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa wannan ƙa'ida a littafinsa kan adana hotuna, kuma har yau ita masana ke koyarwa:

- 3: a sami kwafi uku na bayanai, wato na aiki da na ajiya biyu;
- 2: a ajiye su a kan na'ura iri biyu, misali NAS da faifan waje;
- 1: ɗaya daga ciki ya kasance a wani gini daban.

Manomi ya riga kowa sanin wannan. Ba ya barin irin shuka a rumbun da ake ɗiba kullum. Yakan ware shi, ya ɗaure, ya rataye inda hannun yara da bakin gara ba sa kaiwa.

A zamanin garkuwa da bayanai an ƙara sharaɗi: kwafi ɗaya ya kasance a cire, ba ya jone da komai. Labarin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda kuke ganin sunansa a jikin kwantenoni a bayan tirela, ya isa hujja. Ranar 27 ga Yuni, 2017, wata muguwar manhaja mai suna NotPetya, wadda ta faro daga Yukiren, ta shiga kwamfutocin kamfanin a faɗin duniya. Kamfanin yana da saba kusan 150 masu riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shigarsu, kowacce tana kwafar 'yar'uwarta, an ɗauka hakan ya wadatar. Da yake duk a jone suke, tare suka mutu. Guda ɗaya tak ta tsira, a ofishinsu na Gana, domin an ɗauke wuta kafin harin, ta yanke daga sauran. Ma'aikatan Gana ba su da bizar Ingila, inda ake bukatar faifan sabar, don haka ɗayansu ya kawo faifan Nijeriya, ya miƙa wa wani ma'aikaci a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Daga wannan faifai aka sake gina tsarin. Kamfanin ya sake ɗora manhaja a kan saba 4,000 da kwamfuta 45,000, kuma ya ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ɗaukewar wuta ta yi musu bisa sa'a, ku za ku yi shi da gangan: a gama kwafi, a zare waya.

5. Yadda za a tsara aikin

Kafin a sayi komai, shugaban ofis da mai kula da kwamfuta su zauna su amsa tambaya biyu. Ta farko: aikin kwana nawa za mu iya jure asararsa? In amsar ita ce kwana ɗaya, to kullum za a yi kwafi. Ta biyu: in rumbu ya mutu yau, yaushe dole mu koma aiki? Makaranta a lokacin hutu za ta iya jiran mako, amma ba a makon fitar da sakamako ba.

Kwafi iri uku ne. Mu ce rumbun makarantarmu yana da gigabait 120, kuma kullum ana sauya abin da ya kai gigabait 1.

- Cikakken kwafi: a kwashe duka 120, mu ce ranar Juma'a. Yana cin lokaci da wuri, amma dawo da shi ba wuya.
- Kwafin ƙari: a ɗauki abin da ya sauya tun kwafin jiya kawai. Litinin 1, Talata 1, Laraba 1. Yana da sauri. In faifai ya mutu ranar Alhamis da safe, sai an haɗa cikakken kwafin Juma'a da na Litinin da Talata da Laraba, kuma in ɗaya ya lalace a tsakiya, an sami giɓi.
- Kwafin bambanci: a ɗauki duk abin da ya sauya tun cikakken kwafi na ƙarshe. Litinin 1, Talata 2, Laraba 3. Ya fi cin wuri, amma ranar Alhamis biyu kawai ake bukata: na Juma'a da na Laraba.

Ga jadawalin da ƙaramin ofis zai iya riƙewa da faifan waje guda biyu, kowanne mai terabait 1. A manna musu takarda, a rubuta Faifai A da Faifai B.

1. Litinin zuwa Alhamis, bayan an tashi aiki, a jona faifan wannan mako, a yi kwafin ƙari ko na bambanci, a zare, a kulle a durowa.
2. Juma'a kafin a tashi, a yi cikakken kwafi, a kai faifan wani gini da aka amince da shi, a karɓo ɗayan don mako mai zuwa. Kada faifan biyu su taɓa kwana a ɗaki ɗaya.
3. Ƙarshen kowane zangon karatu, ko ƙarshen shekarar kuɗi, a yi cikakken kwafi na musamman da ba za a sake rubutu a kansa ba.
4. Fayilolin da suka fi muhimmanci a tura su ma'ajiyar intanet.

Mataki na huɗu yana bukatar lissafi. In saurin turawar intanet ɗinku megabit 5 ne a daƙiƙa, gigabait 120 zai ci kimanin awa 53 ba tsayawa, ga kuɗin data. Amma gigabait 1 minti 27 ne. Saboda haka a ware hatsi daga ƙaiƙayi: sakamako, albashi, rasit da takardun ƙa'ida su hau intanet; hotunan bikin yaye ɗalibai da bidiyo su tsaya a faifan waje. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive gigabait 5, abin da ya wuce haka biya ake yi. Asusun ya zama na ofis, ba na wani ma'aikaci da zai iya ajiye aiki gobe ya tafi da kalmar sirri ba.

Akwai wasu duwatsu da masu farawa kan yi tuntuɓe da su:

- Harafin rumbu. Z: na wanda ya shiga kwamfutar ne. Manhajar kwafi da aka saita ta tashi da kanta da dare mai yiwuwa ba za ta ga harafin ba. A ba ta cikakken adireshi, kamar \\SABA\Jarrabawa, ko kuma, wanda ya fi, a yi kwafin daga kan sabar kanta. Akwatunan NAS suna zuwa da manhajar kwafi tasu.
- Fayil a buɗe. In akanta ya bar lissafinsa a buɗe ya tafi gida, ana iya tsallake fayil ɗin ko a kwafe shi rabi da rabi. A sa doka: kowa ya rufe aikinsa kafin ya tashi.
- Kwafin madubi. Wasu masu ɗan hannu kan yi amfani da umarnin robocopy na Windows tare da /MIR. Wannan yana mayar da faifan waje daidai da rumbu, har da goge abin da aka goge. In za a yi amfani da shi, kowane mako a buɗe sabuwar folda mai kwanan wata.
- Aikin da bai shiga rumbu ba. Abin da ma'aikaci ya bari a fuskar kwamfutarsa ba ya cikin kwafi. A gaya wa kowa ƙarara.
- Izini. Ba kowa ke bukatar ikon gogewa a ko'ina ba. Malamin aji ya rubuta a foldar ajinsa, ya karanta sauran kawai. Gwargwadon ƙarancin izini, gwargwadon ƙarancin ɓarnar da kuskure ko muguwar manhaja za su yi.
- Lantarki. A sa wa rumbu UPS ko inbata, a ɗaga shi daga ƙasa, a ajiye inda iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe masa ƙura.

6. Kwafin da ba a gwada ba

A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin zane mai suna Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani ya ba da umarnin gogewa a wurin da bai dace ba a rumbun da kowa ke aiki a kai. Kafin a kashe na'urar, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Aka ɗauko kwafin ajiya, sai aka tarar ya daɗe ba ya ɗauka daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta.

Manhaja za ta iya rubuta muku "an gama" alhali faifai ya cika, ko foldar da aka saita ta sauya suna tun bara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau ɗaya a wata, ku yi wannan gwaji:

1. Ku zaɓi fayil uku daga folda daban-daban, ɗaya sabo, ɗaya na watan jiya, ɗaya na bara.
2. Ku dawo da su daga faifan ajiya zuwa wata folda ta gwaji, ba kan na asali ba.
3. Ku buɗe kowanne, ku karanta, ku tabbatar ba ya da rauni.
4. Ku rubuta a rajista.

Rajistar littafi ne na takarda mai gida biyar: kwanan wata, faifan da aka yi amfani da shi, girman kwafi, sakamakon gwaji, sa hannu. Girman kwafi yana tona asiri: in makon jiya gigabait 120 ne, yau ya koma 40, akwai magana. Sau ɗaya a shekara kuma a gwada dawo da rumbun gaba ɗaya a kan wata kwamfuta, a duba agogo a ga awa nawa ya ci. Ranar 31 ga Maris, da aka ware a duniya don tunatar da mutane yin kwafin ajiya, rana ce mai kyau ga wannan.

7. Wa ke da alhaki?

Babbar cutar kayan tarayya ita ce kowa ya ɗauka wani ne ke kula. Don haka a rubuta sunan mutum ɗaya mai yin kwafi, da na mataimakinsa mai riƙewa in ya tafi hutu ko aka yi masa canjin wurin aiki. Shugaba ya riƙa duba rajista yana sa hannu. Kalmomin sirri a rubuta, a liƙe a ambulan, a ajiye a sef ɗin shugaba.

Faifan da ke fita daga ofis amana ce, domin yana ɗauke da sunayen mutane, lambobin wayarsu, albashinsu, wani lokaci har da cutar da ke damunsu. A kulle shi da kalmar sirri. Wasu nau'o'in Windows suna da BitLocker don wannan aiki, ta yadda ko faifan ya faɗi a Keke Napep, wanda ya tsinta ba zai iya buɗewa ba. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin kare su daga ɓata, lalacewa da faɗawa hannun da bai dace ba, kuma in aka sami ɓaraka mai iya cutar da masu bayanan, ana so a sanar da hukumar cikin awa 72.

Taƙaitawa

- Rumbun tarayya kwafi ɗaya ne, komai yawan masu ganinsa.
- Duk abin da ke gogewa tare da na asali ba kwafin ajiya ba ne.
- A bi ƙa'idar 3-2-1, kuma kwafi ɗaya ya kasance a cire.
- A gwada dawo da fayil kowane wata, a rubuta a rajista.
- A ɗora alhakin a kan mutum mai suna, a kulle faifan da ke fita.

Tambayoyi

1. Me ya sa fayil ɗin da aka goge daga Z: ba ya zuwa kwandon sharar kwamfutarku?
2. Kawo hatsari biyu da faifai masu kwaikwayon juna ba sa karewa.
3. Me ya kashe sabobin Maersk lokaci guda, kuma me ya tsirar da ta Gana?
4. An yi cikakken kwafi ranar Juma'a, ana kwafin bambanci kullum. Faifai ya mutu ranar Laraba da safe. Waɗanne kwafi za a ɗauko?
5. Idan gigabait 1 yana cin minti 27, awa nawa gigabait 10 zai ci?

Aikin gida

Ku ziyarci wani ofis, makaranta, asibiti ko shagon buga takardu a unguwarku, ku nemi izini, ku yi wa mai kula da kwamfuta tambayoyi huɗu: Ina bayananku suke? Kwafi nawa kuke da shi? Ina na ƙarshe yake kwana? Yaushe kuka gwada dawo da shi? Kada ku rubuta sunan wurin ko na mutumin. Daga amsoshin, ku tsara musu jadawalin mako ɗaya a shafi guda, tare da jerin kayan da za a saya da farashinsu kamar yadda kuka tambayo a kasuwa. A zama na gaba kowa zai gabatar da nasa, sannan a gwada dawo da fayil a kwamfutar aji.